Katin Da Ya Sha Shayi

A unguwar Bron, kusa da birnin Lyon, akwai wani yaro ɗan firamare. Iyayensa mutanen Damagaram ne. Babansa yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons. Shi ne ƙarami a gidan, don haka kowa Auta yake ce masa.

A shekarar 2010 ne, lokacin da ake jiran gasar kofin duniya ta Afirka ta Kudu. Yaran makaranta duk sun haukace da tara katunan 'yan ƙwallo. Da an fita shan iska, sai ka ga an yi da'ira ana musaya.

A wannan harka babu kamar yaron nan. Yana da wani ƙaton littafi mai aljihunan leda, cike da katuna. Yara suka sa masa suna Sarkin Kati. Gaskiya sunan nan yana yi masa daɗi fiye da kima.

Babban abokinsa shi ne Illiassou, ɗan mutanen Tahoua. Gini ɗaya suke zaune, Illiassou a hawan sama. Shi katunansa ba su da yawa. Yaron yakan ba shi waɗanda yake da biyunsu, kuma ya fi son ya ba shi idan akwai masu kallo.

Wata rana malaminsu, Mushe Christophe, wato Malam Christophe da Faransanci, ya ce kowa ya zo da wani tsohon abu daga gida, ya ba da labarinsa.

Yaron ya yi murmushi. Ya san ranar tasa ce.

Da ranar ta zo, ya buɗe littafinsa a gaban aji. Aka tafa masa kaɗan, don kowa ya riga ya san littafin. Sai aka kira Illiassou.

Illiassou ya fito da kati ɗaya tak, a cikin wani gida na leda mai tauri. A jikin katin akwai hoton wani mutum da hula mai baki, ya saɓa kulki a kafaɗa.

"Wannan wane irin ɗan ƙwallo ne da kulki?" in ji wata yarinya.

"Besbol yake bugawa," in ji Mushe Christophe. "Wasan Amurkawa ne, da kulki ake dukan ƙwallon." Ya gyara tabaransa, ya sunkuya. "Illiassou, katin nan ya girme ni. Ina ka samo shi?"

Illiassou ya ce, "Na kakana ne. Yana saurayi ya yi aikin gina rijiyoyi da wani Ba'amurke a ƙauyukan Tahoua. Da Ba'amurken zai koma gida, sai ya ba shi katin. Ya ce tun yana yaro yake ajiyarsa."

Ya juya katin. A baya akwai wani ɗan tabo ja.

"Wannan yatsan kakana ne. Goro yake ci ranar da ya karɓa. Bara ya rasu, ya ce a ba ni."

Nan take kowa a ajin ya taso yana so ya gani. Da aka fita shan iska, duk da'irar ta koma wajen Illiassou. Suka sa wa katin suna Mai Kulki.

Sarkin Kati ya tsaya shi kaɗai a gindin bango, ya rungume littafinsa. Kishi ne ya kama shi, ba wani abu ba.

A hanyar gida ya ce, "Ni ban ga abin kallo ba. Kati duk ya koɗe. Ko sheƙi ba ya yi."

Illiassou ya yi dariya. "Ai tsufa ne, abokina."

"To mu yi musaya. In ba ka masu sheƙi, ka zaɓa da kanka."

"A'a. Wanga ba na musaya ba ne."

"In ba ka littafin duka fa?"

"Wallahi ko da littafin. Ka yi haƙuri."

A gida yaron ya zauna gaban tuwo yana ta jagwalgwala shi. Mamarsa ta dube shi.

"Auta, lafiya? Miyar ce ba ta yi ba?"

"Mama, mu kakanmu bai bar mana komai ba?"

"Ya bar maka kunnuwan nan naka manya," in ji ta. "Ci abincinka."

Yayarsa Mardiya ta fashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba.

Kwanaki suka wuce, abin bai lafa ba. Duk inda ya juya, Mai Kulki ake zance. Har yaran wasu azuzuwa suna zuwa kallo. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da gara a ce ba ta zo ba.

Ranar Asabar ya hau sama wajen Illiassou.

"Babana yana so ya ga katin nan," ya ce. "Ka ara mini zuwa gobe."

Ƙarya ce. Babansa bai ma san da katin ba.

Illiassou ya ɗauko katin, ya miƙa masa da hannu biyu. "Don kai ne. Amma kada ka hidda shi daga leda. Baba ya ce hannu yana ɓata shi."

"Haba, kamar ba ni ba?"

Mardiya tana karatu a jami'a, tana da injin da yake ɗaukar hoton takarda ya buga. Da ta fita, yaron ya shiga ɗakinta. Ya zare katin daga leda. Ya ɗauki hoton gaba da na baya, ya buga. Ya yanke da almakashi, ya manna su da gam a jikin kwalin biskit.

Ya ɗaga ya duba. Hoton ya fito, har da tabon goro. Amma takardar ta yi fari fat. Ko makaho zai gane sabuwa ce.

Ranar Lahadi babansa yakan zauna a baranda ya dafa shayi. Shayi ne irin na gida, mai kauri, da na'ana'a da citta. Yakan ɗaga buta sama ya tsiyaya, har kumfa ta cika ɗan kofi. Yaron ya lura yadda shayin yake rina ƙyallen da ake goge faranti.

"Baba, in kai kayan madafa?"

Baban ya ɗago da mamaki. "Yau kai ne da neman aiki? To Allah shi yi albarka."

A madafa ya zuba ragowar shayin a faranti. Ya tsoma auduga, ya shafa wa katin gaba da baya. Ya shanya shi a bakin taga. Da ya bushe, ya goga kusurwoyinsa a jikin bango don su yi laushi. Ya saka shi a gidan ledar.

Kai, abin ya yi kama! Shi kansa sai da ya duba sau biyu.

Da yamma ya mayar wa Illiassou.

"Mi Tonton ya ce?" in ji Illiassou. Haka suke kiran baban juna, wato kawu.

"Ya ce yana da kyau."

Illiassou ya karɓa, ya sa a aljihun gaba, bai ko duba ba. Me zai duba? Ai abokinsa ne ya kawo.

Yanzu Mai Kulki na gaskiya yana hannun yaron. To sai me? Ba zai iya sa shi a littafinsa ba. Ba zai iya kai shi makaranta ba. Ko Mardiya ba zai iya nuna wa ba. Ya naɗe shi a takarda, ya cusa cikin wata tsohuwar safa, ya tura ƙarƙashin katifa.

A makaranta kuwa babu abin da ya canza. Yara suna nan kewaye da Illiassou, suna kallon kwalin biskit suna cewa, "Kai, tsohon abu daban ne!" Yaron ya ga ya yi sata a banza. Ga kishin bai tafi ba, ga tsoro ya ƙaru a kai. Ko tabarmar ɗakinsa mama ta ɗaga, sai gabansa ya faɗi.

Da hutun bazara ya zo, Malam Adam, baban Illiassou, ya sauko gidansu. Bayan doguwar gaisuwa da baban yaron, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Mushe Christophe ya ce ana taron masu tara tsofaffin katuna a Paris. Akwai wata mata da ta san irin wanga kati. Zan kai Illiassou ya ji tarihin abin kakanshi. Ya ce shi ba ya tahiya sai da abokinshi."

"Madalla," in ji baban. "Auta, ka ji? Ka gode wa Tonton."

Yaron ya ce, "Na gode, Tonton." Amma muryarsa kamar ta wanda aka ce za a yi wa allura.

Ranar tafiya mama ta ce za ta wanke zannuwan gado, ta juya katifu. Yaron ya ruga ɗaki. Ya zaro katin daga safa, ya sa a aljihun cikin rigarsa.

A jirgin ƙasa Illiassou bai yi shiru ba. Yana nuna shanu, yana nuna gonaki. Ya raba biskit ɗinsa biyu, ya ba abokinsa babban rabin. Yaron ya kalli kwalin biskit ɗin, ya tura rabin nasa a aljihu bai ci ba.

Wurin taron wani babban zaure ne cike da tebura. Akwai katunan 'yan ƙwallo, da na masu tseren keke, da na 'yan dambe. A can ƙurya wata tsohuwa take zaune, gashinta fari tas. Sunanta Madam Odile. A gabanta akwai gilashin ƙara girman abu, da wata 'yar fitila.

Illiassou ya ba ta labarin kakansa da Faransanci, tun daga rijiyoyi har zuwa goro. Ta saurara tana gyaɗa kai. Mutane suka fara tsayawa suna ji.

"Zan iya fitar da shi?" ta tambaya.

Malam Adam ya ce, "Bismilla."

Ta zare katin a hankali. Sai ta tsaya. Ta kai shi hanci, ta shinshina. Ta sake shinshinawa.

"Tsohon kati warin tsohuwar akwati yake yi," in ji ta. "Wannan kuwa ƙamshin na'ana'a yake. Katin nan shayi ya sha."

Wani mutum a baya ya yi dariya.

Madam Odile ta kunna 'yar fitilar. Haskenta shuɗi ne mai duhu. Ta haska katin, sai gefunansa suka ɗauki ƙyalli.

"Kun gani? Takardar zamani ce take ƙyalli haka. Ta da ba ta yi." Ta juya shi a kaikaice. "Ga kuma gam. Takarda biyu ce aka manna a kan kwali."

Illiassou ya ce, "Amma ga tabon goro! Yatsan kakana ne!"

Ta miƙa masa gilashin. "Duba da kanka, yaro. Tabo na gaskiya shiga takarda yake yi. Wannan ɗigo-ɗigo ne na tawada. Inji ne ya buga shi. Ka yi haƙuri, katin nan jabu ne."

Illiassou ya daɗe yana kallo ta gilashin. Da ya ɗago, idanunsa sun cika. Bai kalli abokinsa ba, don ko a mafarki bai zarge shi ba. Babansa ya kalla.

"Baba, ke nan Kaka ƙarya ya yi mini?"

Malam Adam ya dafa kafaɗarsa.

"Babu Ba'amurke? Babu rijiya?" Hawaye suka zubo wa Illiassou. "Na hwaɗa ma kowa a lakwal, duk 'yan makaranta sun ji. Ni ban ƙara son shi. A jefa shi shara!"

Yaron ya ji maganar nan har cikin ransa. Shi kati ya so ya ɗauka. Bai taɓa tunanin zai ɗauke wa Illiassou kakansa ba. Ga shi tsoho yana kabari, ana ce masa maƙaryaci, kuma ba shi da bakin da zai kare kansa.

Zai iya yin shiru. Babu wanda ya dube shi. Amma hannunsa ya riga ya shiga aljihu.

"Kakanka bai yi ƙarya ba," ya ce. "Ni ne."

Ya warware takardar, ya ajiye katin a kan tebur.

"Ni na buga wancan da injin Yaya Mardiya. Ni na shafa masa shayin Baba. Babana ma bai ce yana son gani ba. Na ji haushi ne kowa yana wajenka."

Ya fashe da kuka. Babu wanda ya yi dariya wannan karon.

Madam Odile ta ɗauki katin, ta shinshina. Ta haska shi da fitila, bai yi ƙyalli ba. Ta ɗora gilashi a kan tabon, ta kira Illiassou.

"Zo ka gani."

Illiassou ya leƙa. Babu ɗigo ko ɗaya. Jan goro ya shiga cikin kwalin, har ana ganin siraran layukan yatsa.

"Wannan na gaske ne," in ji ta. "An buga shi a Amurka tun kafin a haifi babanka. Irinsa kaɗan ne suka rage. Na ga katuna da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya je Tahoua ya dawo ba. Ka riƙe shi da kyau."

Illiassou ya mayar da shi leda, ya rungume a ƙirji.

Sai ta juya ga yaron, ta miƙa masa na jabun. "Kai kuma ga naka. Kana da ido, kana da hannu. Ka nema musu aikin kirki."

A jirgin dawowa Illiassou ya zauna a bakin taga, ya juya baya. Bai waiwayi abokinsa ba har Lyon. Malam Adam ma bai yi faɗa ba. Abu ɗaya ya ce.

"Ka yi laihi babba. Amma ka yi magana lokacin da shiru ya hi sauƙi. Yanzu saura babanka. Da bakinka za ka hwaɗa mishi, ba da nawa ba."

Haka aka yi. Yaron ya durƙusa gaban iyayensa ya faɗi komai. Mama ta riƙe haɓa. Baban ya daɗe yana kallonsa.

"Da sunana ka yi ƙarya," ya ce. "Kuma da shayina."

"Baba, ka yafe mini."

"Littafinka cike yake da katuna. Illiassou kuwa ɗaya ne abin alfaharinsa. Me ya rage maka da aka yaba nasa?"

Yaron ya yi tunani. "Babu komai, Baba."

"To ka gani. Da ka samu katin, ka ji daɗi?"

"A'a. Ko barci ban yi sosai ba."

Baban ya karɓe littafin katunan, ya ce sai ƙarshen shekarar karatu mai zuwa. Ya ce ya je ya ba Mardiya haƙuri. Sannan ya kama hannunsa suka hau sama. A gaban Malam Adam da matarsa, yaron ya roƙi Illiassou gafara.

Illiassou ya ce, "Na ji."

Hutun ya yi wa yaron tsawo. Babu mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Yana jin takun Illiassou a saman ɗakinsa, amma ba ya iya hawa. A nan ya gane ba littafin ya fi kewa ba.

Ranar da aka koma makaranta, Mushe Christophe ya ce, "Illiassou, yaya Paris? Me aka ce game da Mai Kulki?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya san yau asirinsa zai tonu, kuma ya san ya cancanta. Sai ya ga gara ya faɗa da kansa. Ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya ba da labarin duka. Ya fito da na jabun daga jaka, ya ɗora a tebur.

Aji ya ɗauki surutu. Wani ya ce, "Sarkin Kati ko Sarkin Jabu?"

Sai Illiassou ya tashi. Ya zo ya ajiye na gaskiyar kusa da na jabun.

"Ku bar shi," ya ce. "Da ya yi shiru, da har yau ina cewa kakana maƙaryaci ne." Ya dubi abokinsa. "To, gwada musu yadda ake ganewa. Kai ka hi ni iya bayani."

Mushe Christophe ya ɗauko gilashin ƙara girma daga akwatin kimiyya. Yara suka yi layi. Yaron ya nuna musu ɗigo-ɗigon tawada, ya nuna musu gam a gefe. Kowa kuma sai da ya shinshina, ya yi dariya. A ƙarshe shi ma ya yi.

Da aka tashi, su biyu suka jero zuwa gida kamar da.

Ranar Lahadi Malam Adam da Illiassou suka sauko shan shayi a baranda. Baban yaron ya ɗaga buta, ya cika ɗan kofi da kumfa, ya miƙa wa ɗansa.

"Auta, kai za ka sha, ko katinka za ka ba?"

Kowa ya kwashe da dariya. Yaron ya rufe fuska don kunya. Sannan ya karɓi kofin, ya miƙa wa Illiassou ya fara sha.

Tun daga ranar, idan aka yabi abin wani, yakan ce, "Allah ya sa albarka," kuma har zuciyarsa yake faɗa. Ya gane cewa kishi ba ya ƙara wa mutum komai. Sai dai ya sa ka cuci wanda ya yarda da kai, ka kusa rasa abokin da ya fi duk katunan duniya.